Rana Ba Ta Da Makunni

Sunan da unguwa ta sa wa telan shi ne Na-Sani, don ba a taɓa gaya masa magana ya bari an kai ƙarshe ba. Farantan sola shida ya ɗora a rufin shagonsa, kekunan ɗinkinsa suka daina jiran wutar gari. Har nan ya yi dabara. Abin da ya biyo baya wauta ce, kuma ba zan saka mata wani suna ba.

Mai aski ne ya leƙo da rana tsaka.

"Masu haraji sun shigo layi. An ce duk wanda aka ga sola a kansa, babbar masana'anta za a rubuta shi."

"Wa ya ce?"

"An ce dai."

Na-Sani ya kashe inbata, na'urar da ke rarraba wutar solar, ya ɗauki filaya, ya jingina tsani zai hau ya kwance farantan. Matarsa, wadda ta kawo masa abinci, ta riƙe ƙafar tsanin.

"Baban yara, wanda ya haɗa solar ya ce a lulluɓe su da bargo kafin a taɓa waya."

"Na sani. Na kashe daga ƙasa."

"Ranar da ke sama ma ka kashe ta?"

"Ke, sakar min tsani! Ɗinki kika iya ko lantarki?"

Ya hau. Filaya na cizon waya sai aka ji fat! Ya kurma ihu, ya faɗi zaune kan katakon da ya shimfiɗa, yana rungume da hannun dama. Wayar da ya yanke ta faɗa kan kwano tana feshin tartsatsi, robarta na narkewa. Tsakaninsa da tsani kwano ne zalla, ƙafarsa kuma ba takalmi. A ƙarƙashin rufin, kayan mutane ne jibge har sili.

Matar ta suri bokitin ruwa.

"Kul! Baiwar Allah, ajiye!"

Mai haraji ne, da jakarsa a hammata.

"Kika watsa, kin kashe shi. Malam, kada ka taka kwanon nan! A kawo barguna, labule, duk abu mai kauri!"

"Labulen mutane ne!" in ji Na-Sani daga sama.

"To zauna ka gasu, mu ba masu labule haƙuri," in ji matarsa, tana kuka tana jawo su daga kanta.

Mai aski ya hau tsani rabi, yana cilla masa ɗaya bayan ɗaya. Da hannun hagu ya riƙa yafa wa farantan, yana jan gindi a kan katako. Na farko. Na biyu. Hayaƙi ya fara fita ta ƙarƙashin kwano. Na huɗu iska ta yaye, ya miƙa zai kamo, gwiwarsa ta kusa sauka daga katakon.

"Bar shi! Ga wani!" in ji mai aski.

Da ya rufe na ƙarshe, tartsatsin ya yi ƙasa, ya mutu. Aka taimaka masa ya sauko. Yatsunsa uku sun ƙone, babban yatsa har da fari.

Yana zaune a bakin shago ana neman motar asibiti, ya ɗaga kai ya dubi mai harajin.

"Yallaɓai, rubuta. Shida ne."

"Me zan rubuta? Allon tallan shaguna muke dubawa. Solar nan ba mu karɓar komai a kanta. Da ka zo ofis ma, ragi za a yi maka."

Mai aski ya sulale.

Shagon bai ƙone ba. Hannun ne bai dawo ba. Yanzu matarsa ke riƙe almakashi, shi yana nuna mata layi da haɓa. Tambaya ɗaya a ofis da ta ishe shi, amma mai jin kunyar tambaya da jikinsa yake biya. Har yau in an fara gaya masa magana bakinsa na motsi, sai ya kalli yatsun, ya bari a gama.