Ƙarar da aka shigar a bayan Saja Lorraine

Shekara goma sha tara na yi ina aikin rajista a kotun iyali ta gundumarmu a jihar Jojiya ta Amurka. Barikin soja na nan kusa da mu, saboda haka rabin masu shigo mana da kaki suke zuwa. Na yi aiki da alƙalai da dama, amma Mai shari'a Cordelia Maddox daban take, kuma a shari'ar Saja Lorraine Tibbs na fara gane haka.

Lorraine makanikiyar manyan motocin soja ce. Sun rabu da mijinta Wendell, 'yarsu Odessa mai shekara tara tana hannunta. Da aka tura ta Kuwait na wata tara, sai ta damƙa masa yarinyar. Mako uku da tafiyarta ya shigar da ƙara, yana neman riƙon ya koma hannunsa dindindin. Ya kuma hana kakar yarinyar ta wajen uwa, Mama Eula, ɗaukarta, don kullum sai sun yi cacar baki a ƙofar gida.

Lauyansa ya so a saurari ƙarar nan take. Mai shari'a ta ƙi. Ta ce ba za ta yanke wa uwa hukunci ba tare da ta ji bakinta ba. Ta sa ni na yi ta waya da barikin har aka sami ranar da Lorraine za ta bayyana ta bidiyo na ƙayyadadden lokaci.

Ranar, sau biyu layin yana yankewa. Lauyan ya yi ta duban agogo, Mai shari'a kuwa ta ɗage sauran ƙararrakin safiyar ta zauna jira.

Wendell ba mugu ba ne. Ya ce wannan ce tafiyar Lorraine ta uku a shekara shida, kuma duk tafiya sai yarinyar ta daina cin abinci, karatunta ya koma baya. Ya ce shi ke kai ta makaranta, har kitso ya koya. Daga bencin baya Mama Eula ta ce wannan abin da yake ɗaure wa jikarta a kai ai ba kitso ba ne, igiyar shanya ce. Aka yi dariya, har shi. Mai shari'a ta ɗaga mata yatsa, ta yi shiru.

Lorraine ba ta musa komai ba. Ta ce gaskiya ya faɗa, kuma ta gode masa. Sannan ta ce:

"Ranki ya daɗe, in na dawo na tarar ba ni da 'ya, to me na je tsarewa?"

Mai shari'a ta shiga da Odessa ofishinta, suka yi kusan rabin awa. Da ta fito, Wendell ta fara fuskanta.

"Malam Wendell, ka riƙe yarinyar nan da kyau, kuma zan rubuta haka. Amma uwarta ba guduwa ta yi ba, aikenta aka yi. Ba zan karɓe mata 'ya don ta amsa kira ba."

Ta yanke cewa Odessa ta zauna wurin ubanta har uwar ta dawo, sannan a koma tsarin da. Mama Eula za ta riƙa ɗaukarta ƙarshen mako sau biyu a wata a madadin uwar, kuma a bakin coci za a riƙa miƙa yarinyar, inda kakar da uban za su ji kunyar faɗa. Sannan ta tambaye ni minti nawa suka rage a layin. Na ce goma sha biyu. Ta sallami kowa, ita ma ta tashi, ta bar yarinyar da uwarta.

Lorraine ta dawo a watan Afrilu. Bayan mako biyu suka zo tagata a rajista ita da Wendell, ba lauya, da takarda ɗaya da suka rubuta da hannu. A ciki Lorraine ta ƙara masa riƙon yarinyar duk hutun bazara da kowace Laraba. Na kai wa Mai shari'a, ta karanta a tsaye, ta gyara kwanan wata guda, ta sa hannu, sannan ta ce in kira ƙara ta gaba.