Zanen Yatsu Uku

"Ba za ki taɓa bangon nan ba, Mama! Doka ce!"

"To dokar ta zo ta tare ruwan sama mana," in ji Inna Balaraba. Ta ci gaba da kwaɓa laka a tsakar soro, zani a tattare har gwiwa.

Tun da aka yi sabuwar jiha aka kafa allo a ƙofar gidan nan na Majidaɗi, wai gidan tarihi ne. Kakan mijinta, magini daga Zariya, shi ya gina shi. Ga bakan gizo na laka huɗu sun haɗu a rufi, ga azara baƙa wuluk, ga zane ya zagaye ƙofa kamar ƙunshin amarya. Sai dai tare da allon aka turo Simeon, ma'aikacin adana kayan tarihi, mai takalmi ƙwas-ƙwas, wanda ko tubali bai taɓa ɗagawa ba. Yanzu bango ya tsage, hadari na haɗuwa kullum, shi kuwa wai a jira ƙwararru daga Jos.

"Zanen nan ya haura shekara tamanin," ya ce, yana nuni da biro. "Mun ɗauki hoto, mun rubuta. Dubi layukan nan uku-uku, hannun magabata ne."

Inna ta kwashe da dariya har ɗankwali ya zame. Ta ɗaga hannun dama, yatsu biyu a ƙage.

"A da biyar-biyar nake ja, ɗan nan. Da sanyin ƙashi ya cinye biyu na koma uku. Ga magabatan naka a gabanka. Bara na yi shi! Tun ina amarya nake yaɓe bangon nan kafin damina. Ba don haka ba, da allonku kango yake gadi."

Talatu mai ƙosai, da ta shigo wai aron rariya, ta nemi wuri ta zauna.

Simeon ya goge zufa. "Ko ke kika yi, yanzu na gwamnati ne."

Inna ta cika hannu da laka, ta dube shi ido cikin ido, ta maka a tsagar, ta shafe, ta ja yatsu uku.

"Zan kai rahoto!"

Ya fice, ya buga ƙyaure da ƙarfi. Wani ɓangaren tsohon zane mai faɗin faifai ya faɗo daga saman ƙofa, ya tarwatse.

"Talatu, ke ce shaida," in ji Inna, tana ɗebo wata lakar. "Wannan gwamnati ce ta fasa."