Kwanon Lebura

"Zuƙa! Zuƙa mana, kai da ka ce kana da huhu!"

Na zuƙi tiyon, sai ga ruwan gishiri cike da bakina. Na tofar a bokiti ina tari, hawaye shar. Kyaftin kuwa dariya yake daga kan kujerarsa har bargon cinyarsa ya zame.

"Aski fa na zo yi maka, Baba."

"Gashin nawa guda nawa ne? Riƙe tiyon, ga shi ya fara ja."

Kyaftin maƙwabcina ne, ƙofarsa na kallon tawa a hawa na biyu. Tsohon direban bas ne, ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Sunan ya same shi ne saboda tankin gilashin da ya cinye rabin falonsa: ruwan gishiri irin na teku, duwatsu, murjani mai rai yana rangaji, da kifaye masu launi kamar shagon yadi. Tun da ciwon ƙirji ya kama shi ya kasa jan tiyo, shi ne ni mai aski na koma huhun aro.

Aikin shi ne kwashe yashin da ke shimfiɗe a ƙasan tankin. Na ce a ba ni kwano in gama da shi yanzu.

"Kai da gaggawa! Yashin nan ya daɗe yana haɗiye datti. Ka tona shi lokaci ɗaya guba ta tashi, gobe ka tarar da kifayen duk ciki sama. Faɗin tafin hannu kawai, sauran sai wani mako."

Abin da ya gangaro cikin bokitin baƙi ƙirin ne. Matarsa, da muke kira Inna, ta leƙo daga kicin tana toshe hanci.

"Wa ya fasa min ruɓaɓɓen ƙwai a falo? Ni dai na rantse, hannuna ba zai taɓa shiga ruwan nan ba."

Da ta koma, ya rage murya.

"Ta ce ranar da ba na nan tankin ma ya bi ni, don bayanta ba zai iya wankin yashi ba. Gaskiyarta. Amma in babu yashi, tiyo kawai za ta zura, shi ke nan. Ba na son ta zauna a falon nan daga ita sai bango."

Sai na nuna wani ɗan farin kifi mai ƙaton baki. Lebura sunansa, don yini yake yana ɗiban yashi da baki yana furzarwa, yana gyaran raminsa a gindin dutse.

"Shi fa?"

"Shi ba ya rayuwa sai da yashi. A ciki yake ci, a ciki yake kwana. In mun kai kusurwarsa, ka mayar min da shi wurin mai shagon kifi."

Taga yake kallo da ya faɗi haka. Duk benen an san Lebura ne ɗan lelensa.

Haka muka ci gaba. Ƙasan tankin yana ta fitowa fes, Kyaftin yana ta ramewa. Daga baya aka jawo masa gado zuwa falo, amma bakin nan bai mutu ba. Muna sharewa, Lebura yana bin bayanmu yana watsa yashi a inda muka gyara.

"Ka ga ɗan adawa!" in ji Kyaftin. "Wallahi halin Inna ne da shi."

"Ina jin ka!" ta amsa daga kicin.

Saura kusurwar Lebura kaɗai, sai wata safiya Inna ta ƙwanƙwasa min ƙofa.

"Ɗana, zo. Babanka ya tafi."

Na same shi a kwance, fuskarsa na wajen tankin, ƙaton kwanon tangaran da yake shan shayi yana gefensa bai ko huce ba. Na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba. Allah ya jiƙan Kyaftin.

Da masu gaisuwa suka yi sauƙi, na ɗauko tiyo da bokiti da leda na shiga.

"Ledar ta mece ce?" in ji Inna.

Na gaya mata wasiyyar da ya bar min ta mayar da Lebura shagon kifi.

"Au! Ya zaci kicin ba shi da kunne? Ajiye ledar nan. Ba ni tiyon."

Ta zuƙa da ƙarfinta. Sai na ga idanunta sun firfito, ta tofar a bokiti.

"Tir! Ashe abin da mutumin nan yake sha ke nan shekara da shekaru, ya zo yana cewa shayina ya yi zaƙi!"

Muka yi dariya har ta dafa bango, sannan ta share ido da gefen hannu. Muka zuƙe sauran yashin a hankali, ta wanke shi tas har warin ya fita. Ta shiga kicin ta fito da kwanon shayin Kyaftin, ta cika shi da yashin. Ta naɗe hannun riga har kafaɗa, ta tsoma hannu cikin ruwan da ta rantse a kansa, ta ajiye kwanon a gindin dutse.

"Kwano ɗaya dai bayana zai iya," ta ce.

Lebura ya fito daga ɓuya. Ya zagaya kwanon kamar mai duba gidan haya, sannan ya faɗa ciki. Can sai ga kansa ya leƙo, baki cike, ya furzar da yashi a kan gilashin da muka gama sharewa.

Inna ta jawo kujerar Kyaftin kusa da tankin ta zauna, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta.