Waƙar Habu

Kafin a san shi da Malam Ramalan Ladan, mutanen Kibiya Ramalan Mai Kukuma suke ce masa. Daga Rano har Lausu da Zinyau, bikin da ba a ji kukumarsa ba, ba a cewa ya yi armashi. Amma shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ɗauko kukumar ya karya ta a gwiwarsa a gaban jama'a, ya ce ya tuba. Aka yi ta kabbara. 'Yan amshinsa suka watse, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa ya koma fadamarsa ta albasa, kuma da yake muryar tana nan, Liman Shitu ya ba shi ladancin masallacin unguwa. Ba a biyansa komai, amma in ya zo wucewa ta majalisa sai a gyara zama a ce, "Malam, barka da rana." Duk shekarun da ya yi yana kiɗa bai taɓa samun wannan ba.

Maganar sayen dibidi kuwa, na'urar kallon fim, matarsa Laraba ce ta tayar da ita. Allah bai ba su haihuwa ba, sai Bushra da suke riƙo, 'yar ƙaninsa Habu, wanda ruwan dam ya ci garin kamun kifi tun tana goye. Da zarar an kawo wuta, sai a nemi Bushra a rasa, ta tafi maƙota kallo.

"Malam, yarinyar nan fa ta zama budurwa," in ji Laraba. "Gara ta yi kallon a gabana da ta riƙa bin gidajen mutane."

Ya yi ta ja da maganar har aka cire albasa. Ranar da ya sayar, ya biya rumfar Amiru mai kayan wuta a Rano, ya ce a ba shi wadda ta fi araha. Amiru ya sauko da wata 'yar China mai ruwan azurfa, ba nauyi kamar kwanon da ba komai a ciki, ya rantse cewa ko faifai ya sha karce za ta karanta shi. Ya ɗora masa faifan karatun Alƙur'ani da na wa'azi. Ramalan ya ɗaure kwalin a bayan keke da roba ya kamo hanyar gida.

Na'urar tana da halinta. Bakinta da ake sa faifai ba ya fitowa sai an ɗan dake ta a ka, in kuma ta jima tana aiki sai ta ɗau zafi hoto ya daskare, Laraba ta zauna tana yi mata fifita kamar jinjiri. Rimot ɗin bai ga ƙarshen watan ba. Duk da haka gidan ya yi daɗi. Ramalan ya kafa doka: namiji ba zai shigo masa kallo ba, kuma da ya fita kiran salla a kashe. Da safe in akwai wuta shi da kansa yake sa faifansa, ya zauna da kofin koko yana kallon masu ɗawafi a ƙaramin talabijin ɗinsu, yana cewa Allah ya kai mu. Da rana kuma matan unguwa su cika ɗakin Laraba, a karɓo fim haya, a yi ta musu a kan wadda ta fi gaskiya cikin matan fim ɗin. Bushra ta daina fita.

Wata rana da bazara ya dawo daga fadama gabanin la'asar don ya yi alwala. Yana jingine keke a zaure ya ji sautin. Fiyano ne irin na 'yan fim, da ganga mai sauri, amma a ƙarƙashinsu akwai wani karin waƙa da ya sani kamar yadda ya san hanyar gidansu. Ya tsaya riƙe da ƙahon keken. Sai muryar namiji ta shigo:

"Masoyi ka tafi ba ka waiwayo ba,
Na kira ka, zuciya ce ta amsa."

Ba haka ya yi ta ba. A bakin dam ya yi ta, ranar da masunta suka fito da gawar Habu bayan an kwana ana nema. Cewa ya yi, "Habu ka tafi ba ka waiwayo ba, na kira ka, ruwa ne ya amsa." Ya yi shekaru yana rera ta in an watse daga biki, ba ya yarda a liƙa masa ko sisi a kanta, kuma tun da Bushra ta fara gane magana ya daina, don kada ta tashi da ita a kunne.

Ya ɗaga labulen ɗakin. Matan suka ja mayafi suna gaishe shi. A talabijin wani saurayi da wata budurwa suna zagaya bishiya, suna karkaɗa kafaɗa, ana watsa musu ruwa daga sama. Bushra tana gaba, tana bin waƙar da baki. Laraba kuwa ta sunkuyar da kai, mafici a hannunta, ya gane tun jiya ta ji ba ta faɗa masa ba.

Ya jira sai da mata suka watse. Ya ce da Bushra ta kai faifan ƙarshe ta karanta masa sunan wanda ya yi waƙar.

"Uzairu Zinare, Baba. Ai ɗan garin nan ne. Shi ake yayi yanzu."

Uzairu shi ne babban ɗan amshinsa. Shi ne ke ɗaukar masa kukuma, kuma shi ya fi kowa iya amsa waƙar Habu. Bayan tubar Ramalan ya tafi Kano, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba sai yanzu.

Fim ɗin ya karɓu. Masu shayi suka sa waƙar, 'yan acaɓa suka sa ta a waya. Dattawan da suka san zamanin kukuma kuwa da jin ta suka ce wannan ai hannun Ramalan ne. Daga nan magana ta fara yawo. Aka ce ashe tubar ta baki ce, a ɓoye yake sayar wa 'yan fim waƙoƙinsa. Aka ce ita kanta dibidin da ke gidansa Uzairu ne ya aiko masa da ita, in ba haka ba me ya haɗa ladan da na'urar kallo. Wani ya ce ya ga mata suna fitowa daga gidan ana tsakiyar kiran salla.

Liman Shitu ya tsayar da shi bayan azahar, sai da kowa ya fita.

"Malam Ramalan, ka ji abin da ake faɗa."

"Na ji, Malam. Wallahi ban sayar wa kowa komai ba. Na'urar nan da kuɗin albasata na saye ta, Amiru yana nan a Rano, a tambaye shi."

"Ni na yarda da kai. Amma waƙar taka ce ko ba taka ba ce?"

"Tawa ce. Ta ƙanina ce da ya rasu."

Liman ya jima yana jan carbi. "To ka ga inda matsalar take. Alhajin da ya gina masallacin nan ya aiko mini har sau biyu. Ya ce muryar da ake rawa da waƙarta ba za ta shiga lasifikar da ya saya ba. Ka ɗan huta tukuna, har abin ya lafa."

Ramalan ya so ya ce muryar da ke faifan ba tasa ba ce. Ya duba fuskar Liman ya ga an riga an gama magana tun kafin a kira shi. Ya ɗauki takalmansa ya fita. Da la'asar wani matashi ya yi kiran, yana yanke numfashi a inda bai kamata ba, Ramalan yana ji daga tsakar gida.

Da Babbar Salla Uzairu ya zo gida a mota, ya kuma zo gaishe da maigidansa. Ya yi ƙiba, ya sha shadda mai maiƙo, amma a zaure ya cire takalmi ya durƙusa kamar da.

"Maigida, mun same ku lafiya?"

"Lafiya, Uzairu. Abu ɗaya nake so ka yi mini. Ka je wurin Liman ka gaya masa ban ba ka waƙar nan ba, ban kuma karɓi komai a hannunka ba."

Uzairu ya sosa ƙeya. "Maigida, in na faɗi haka ai na ce sata na yi ke nan. Gobe maganar tana Kano. Sunana ne a jikin faifan, da shi nake ci."

"Ka san ta wace ce. Kana tsaye a bakin ruwan ranar."

"Na sani." Uzairu ya ɗago kai. "Amma ranar da ka karya kukuma, ka tambaye mu abin da za mu ci? Kai kana da fadama. Ni a tasha na yi ta kwana a Kano, ina wanke motocin mutane. Ka ce ka bar waƙa har abada, ka zubar da ita a gaban gari. Ni abin da na iya ke nan, da shi na tafi."

"Duk waƙoƙina ka rasa wadda za ka ɗauka sai ita?"

"Ita ta fi kyau, Maigida. Kai ma ka sani."

Da zai tafi ya leƙa ya gaishe da Laraba, idonsa ya faɗa kan na'urar. Ya ce wannan ai ba ta da ƙarko, zai aiko da mai kyau. Ramalan ya ce kada ya aiko da komai. Ya kuma sa aka mayar da buhun shinkafar da direba ya sauke a ƙofar gida. Sai dai unguwa ta riga ta ga motar, ta ga an sauke buhu, wanda ya ga an mayar kuwa bai ba da labari ba. Kafin watan ya ƙare aka tabbatar wa matashin nan da ladanci.

Ramalan ya koma sahun baya. A majalisa aka koma ce masa Ramalan kawai. Ya taɓa ɗaukar na'urar zai buga da ƙasa, Laraba ta riƙe hannunsa ta ce, "Ita me ta yi maka, Malam? Ko ka fasa ta, waƙar tana gidan kowa." Ya ajiye. Ya daina sa faifansa da safe, amma bai hana mata kallonsu ba, don ya san in ya hana za a ce borin kunya yake yi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Bushra. Ta ji ana cewa waƙar ta Babanta Ramalan ce, har tana alfahari da hakan a cikin ƙawaye, amma babu wanda ya gaya mata sauran labarin. Tana wanke-wanke tana rera ta, tana tsefe kai tana rera ta. Wata ranar da ba wuta, da hantsi, ya kira ta gindin darbejiyar tsakar gida.

"Zauna, Bushra. Waƙar nan da kike yi, ba ta soyayya ba ce. Ta mahaifinki ce. Ranar da aka fito da shi daga ruwa na yi ta."

Ta zauna a bakin tabarma, hannunta da kumfar sabulu. Ba ta taɓa ganin ko hoton mahaifinta ba. Can ta ce, "Baba, yi mini ita yadda take."

Rabonsa da rera waƙa tun ranar Juma'ar nan. Ya duba ƙofar zaure, ya gyara murya, ya fara a hankali. Baitin farko ya fito daidai, da sunan Habu, da ruwan da ya amsa. Idon Bushra ya ciko. Ya ja numfashi zai shiga na biyu, sai ya ji bakinsa yana bin saurin gangar fim ɗin. Ya tsaya ya sake daga farko. A daidai wurin, kalmomin Uzairu suka sake zuwar masa, na alkawari da zobe da daren biki. Ya san akwai baiti a kan komar da aka samu tana yawo a kan ruwa, akwai na tsohuwarsu da ta ƙi cin kifi har ta rasu, akwai ma wanda ya ambaci jaririyar da aka bari. Ya san abin da suke faɗa, amma yadda ya jera su ya ɓace.

"Sai me, Baba?"

Ya kira Laraba daga madafa ya tambaye ta. Ta tsaya da muciya tana tunani, ta ce ita ma farkon kawai take riƙe da shi. Sauran 'yan amshin, ɗaya ya rasu, ɗaya yana Legas ba a san inda yake ba.

"To ko a tambayi Uzairu?" in ji Bushra. "Tun da shi ya iya."

Daga waje yara suka ɗau ihu an kawo wuta. Ba a jima ba maƙociya ta yi sallama da sabon faifai a hannu, wasu biyu suna biye da ita. Bushra ta dube shi, ta dubi ɗakin, ba ta tashi ba.

"Je ki kunna musu," in ji shi.

Ya ɗauki fartanyarsa ya tura keke ya fita, ko da yake ba shi da wani aiki a fadama ranar.