Na'urar Kicin ɗin Mama

Tun da Mama ta faɗi a banɗaki Yaya ya ce ta gama zama ita kaɗai, ɗakin baƙi na gidansa yana jiranta. Mama ta ce sai dai a fitar da gawarta. Auta, ƙanwarsa, ta ce a ba ta dama tukuna.

Ta haɗa wasu 'yan na'urori da hannunta, kowacce ba ta wuce akwatin ashana ba: ƙaramin allo, batir, da idon da ke gane motsi. Ta manna su a ɗakin kwana, da banɗaki, da bakin ƙofa. Duk suna miƙa saƙo ga ta kicin, wadda ta fi kusa da akwatin intanet, ita kuma ta tura wa wayoyinsu. In aka jima ba motsi, waya ta yi ƙara.

Da farko lafiya lau. Sai kuma saƙon gidan ya fara ɗaukewa kullum da hantsi, ba ya dawowa sai yamma, wayoyi su yi ta ƙara. Yaya ya baro ofis a guje, ya tarar da Mama tana yanke farce.

"Injiniya," ya ce wa Auta a waya, "kayan wasan nan naki za su sa mini hawan jini. Ranar Asabar zan zo da mota."

Auta ta sauya batura. Ta sake liƙe wayoyin na'urorin da dalma, ta ƙara wa eriya tsawo, ta bi umarnin da ta rubuta musu a kwamfuta layi-layi. Har mai walda na maƙwabta ta zarga. In ta biyo gidan bayan tashi daga aiki, komai na tafiya daidai. Ranar Juma'a ta ƙi zuwa aiki, ta ja kujera ta zauna a kicin da kwamfuta a cinya.

Da hantsi Mama ta shigo tana jan ƙafa. Ta ɗora kasko, ta ɗauko kwanon silba, ta yi ɗage ta kife shi a kan na'urar. Layukan da ke gudu a fuskar kwamfutar suka tsaya.

"Mama, me kika yi yanzu?"

"Man suya ne. Ran nan na ga ya yi mata danƙo. Kin ƙare idonki kina haɗa abu, kin bar shi ko riga babu."

"Yaushe kike buɗe ta?"

"In na zo wanke-wanke. Kwanon ai ina da amfani da shi."

"Ƙarfe yana tare saƙon. In kin rufe wannan, kin rufe bakin sauran duka."

Mama ta dubi kwanon. Ta rage wuta.

"Kenan ni nake kiran yayanki?"

"Ke ce."

"Kada ki gaya masa. Zai ce na fara ruɗewa."

Wannan Auta ba ta yi tunaninsa ba. Ta wanke wata robar man shafawa, ta huda gefenta, ta sa na'urar a ciki, ta rufe. Layukan suka ci gaba da gudu.

Ranar Asabar Yaya ya zo da kwalaye. Auta ta nuna masa wayarsa: jiya tun hantsi har dare babu inda ya yanke.

"Me ya same ta da?"

"Ban yi mata murfi ba. Maiƙo yana shiga."

"Shi ke nan? Duk karatun nan?"

"Shi ke nan."

Ya dubi robar, ya dubi Mama, wadda ta duƙufa tana goge kaskon da ya riga ya bushe. Ya daɗe yana kallonta.

"In ta sake ɗaukewa, ba na neman shawarar kowa," ya ce.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Mama. "Kwashe kwalayen nan, sun tare mini hanya."

Ya kwashe su ya mayar mota.