Baba Ya Yi Magana a Mujalla

Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka ɗauke babana, Malam Labbo, daga gonarsa a ƙauyenmu da ke can bayan 'Yankuzo. Ba su kira mu ba, ba a kuma ga gawa ba. Ƙauyen ya watse, na ɗauko Inna muka zauna a Damba cikin Gusau, inda nake koyarwa ina kuma haɗa digiri na biyu. Malamai sun yi mata magana, dangi sun yi, amma Inna ta ce ba za ta yi wa mutumin da ba ta ga an binne ba takaba ba.

Wata Asabar da hantsi ina neman abin da zan kafa hujja da shi a bincikena, na ci karo da wata maƙala a mujallar ilimi ta ƙasar waje. Dokta Tajuddeen ne ya rubuta, malami a makarantar da nake karatu, mutum mai tsafta da daɗin baki. Ya ce ya zagaya ƙauyukan Tsafe da Bungudu a daminar bara, ya yi hira da manoman da suka koma gonakinsu. Ina cikin karantawa na ga sunan ƙauyenmu. A ƙasa kuma aka rubuta cewa wani dattijo mai suna Malam Labbo ya ce ya shuka dawa da wake, kuma ba abin da yake kewa kamar iyalinsa.

Ban san na karanta da ƙarfi ba sai da na ji ɓarar gyaɗar da Inna ke yi ta tsaya a bayana. Inna ta sa na fassara mata, ta sa na sake. Daga ranar gidan ya canza. Ta koma zuba tuwon mutum uku, ta wanke rigunan Baba ta shanya, in iska ta kaɗa su a kan igiya sai gabana ya faɗi. Ni kaina da nake taƙama da boko, na kama kaina ina waiwayen duk tsohon da ya wuce a kan keke. Ranar Talata ta ce in Allah ya kai mu Juma'a za ta shiga motar Tsafe, daga can ta hau babur zuwa gida. Wannan hanya ko masu kaki ba sa bin ta sai a ayari, kuma na san in ta tafi ba zan sake ganinta ba.

Na ce ta bari mu fara ganin wanda ya yi hira da shi. Ta yarda, ta ƙulle hular Baba da maganin ƙafarsa a tsumma, muka je ofishin Dokta.

Ya tarbe mu da fara'a har ya ba Inna kujerarsa. Da na faɗi abin da ya kawo mu, fara'ar ta bushe a fuskarsa. Ya juya harshe zuwa Turanci, wai akwai ƙa'idar ɓoye sirrin waɗanda aka yi hira da su. Raina ya ɓaci, na ce masa da Hausa sirrin da ya buga wa duniya ne ba zai faɗa wa matar mutum ba? Inna ba ta kula da mu ba. Ta ajiye ƙullin a kan teburinsa.

"Ɗana, ni ban zo da rigima ba. In ka koma ka kai mai wanga. Ka hwaɗa mini dai, ya rame?"

Ya daɗe yana kallon ƙullin. Sannan ya tashi ya rufe ƙofa, ya faɗi gaskiya a hankali, kamar mai cire ƙaya. Bai taɓa wuce Tsafe ba. Hanya ba ta biyuwa, lokacin ƙarin girma ya matso, sai ya ba manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira sunayen ƙauyuka, ya ce ta rubuta masa abin da manoma za su iya faɗi. Ya ce zai rubuta wa mujallar su janye maƙalar. Har ya rantse cewa ko sunan Malam Labbo ba shi ya ba manhajar ba, ita ta ƙirƙiro abinta, sunaye ne kawai irin na yankin.

Na ji wani sanyi a ƙirjina, haɗe da baƙin ciki mai nauyi, domin na hana Inna tafiya amma na rasa Baba a karo na biyu. Na juya na yi mata bayani dalla-dalla cewa ba wanda ya ga Baba, na'ura ce ta shirya maganar. Ta saurara har na gama, tana gyaɗa kai. Sai ta jawo kujerar kusa da kwamfutar da ke kan teburin, ta gyara mayafinta kamar mai shirin gaida baƙo.

"To, ba kai ka ba ta sunan ba," ta ce wa Dokta. "Ita ina ta san shi? Kunna min ita in tambaye ta."