Ruwan da Rahila Ta Ba Mani

Shekara biyu ke nan da aka kashe Ishaya a gonarsa ta gero, can bayan Runka, aka kora shanun huɗarsa daji. Matarsa Rahila ta kwashi 'ya'yanta uku ta dawo Batsari, tana sayar da shinkafa da wake a bakin tasha.

Duk ƙauyensu an san wanda ya nuna wa ɓarayin daji gonar. Mani ne, maƙwabcinsu, darni ɗaya ya raba su. Su Kirista ne, shi Musulmi, amma hakan bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Ishaya ne ma ya kai matar Mani asibiti a kan babur ranar da haihuwa ta zo mata da gardama. Bayan kisan, Mani ya shige daji ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wata Lahadi fasto ya ba su labarin Annabi Elisha. Sojojin abokan gaba sun zo kama shi, Allah ya makantar da su, shi kuma Elisha ya ja su har gaban sarki. Sarki ya tambaya ko ya kashe su. Elisha ya ce a'a, a ba su abinci da ruwa, a sallame su. Rahila ba ta jira ƙarshen wa'azin ba, ta yi ficewarta. A ranta ta ce, shi Elishan wa aka kashe masa?

Ranar kasuwa da azahar sai ga Bulus, ƙanin Ishaya, yana haki.

"Matar yaya, taso! 'Yan sa-kai sun kama Mani, ya shigo sayen magani."

Ta tarar an ɗaure shi a gindin dalbejiya. Ya rame, ƙafarsa ta dama ta kumbura tana ruwa, leɓensa duk ya tsage. Nu'uman, shugaban 'yan sa-kan, ya gyara riƙon bindigarsa.

"Inna, ke muke jira. Ki ce a gama da shi, mu fita da shi bayan gari."

Rahila ta dubi Mani. Shekara biyu tana tanadin abin da za ta faɗa masa, yau ko ɗaya bai zo mata ba. Ta juya ta tafi. Aka ɗauka kuka za ta je yi. Sai ga ta ta dawo da kofin ruwa da kwanon shinkafa.

"Ku kwance masa hannu ɗaya."

"Kin haukace?" in ji Bulus. "Jinin yayana fa!"

"Na san jinin wa ne, Bulus. Ni na wanke shi daga rigarsa."

Ta miƙa wa Mani kofin. Ya karɓa ya shanye, ya hau abincin hannu baka hannu ƙwarya, bai ɗago ido ba.

"Shi ne," ta ce wa Nu'uman. "Ba zan yi ƙarya in ce ba shi ba ne. Amma ba da bakina za a kashe shi ba. Ku kai shi wurin hukuma."

Nu'uman ya sa aka kawo babur aka tafi da shi.

Tun daga ranar Bulus bai sake taka gidanta ba. Fasto ya yabe ta a gaban jama'a, ta sunkuyar da kai don ta ji kamar ana yi mata ba'a. An ce wanda ya yafe yakan ji sanyi a zuciya. Ta jira, ba ta ji ba.

Bayan wata bakwai aka yi zaman sulhu da mutanen daji, aka saki wasu daga cikin waɗanda ake tsare da su. Wata safiya tana zuba wa wani direba wake, Mani ya zo wucewa a bayan babur, ƙafar ta warke, da sabuwar hula a kansa. Suka haɗa ido. Ya kau da kai.

Babbar 'yarta Tabita, mai shekara goma sha tara, ta ajiye ludayi.

"Mama, da za a sake, za ki ba shi ruwan nan?"

Rahila ta bi babur ɗin da kallo har ya sha kwana.

"Zan ba shi," ta ce. "Amma kada ki tambaye ni ko na daina ƙinsa. Kullum da safe sai na sake yafe masa, kafin azahar kuma abin ya dawo."

Ta share fuska da haɓar zane, ta ce wa direban ya miƙo kwanonsa a ƙara masa mai.